Ƙulli Biyu a Koriyar Waya

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gonar da kake kula musu da injinan ban ruwa. Yaya ciwon gwiwar? Na san ba ka ɗaga salula tunda ka ce ƙarar inji ta cinye maka kunne, shi ya sa na aiko ta hannun direban da ke kai muku taki duk Laraba. Mu lafiya lau muke. Inna tana gaishe ka, maigidana ma haka.

Ni ce 'yar yayanka, wadda kake kira 'Yar Filaya tun ina yawo da ita a aljihun riga a shagonku. Yanzu allura nake riƙewa a asibiti, amma ban manta yadda ake kama filaya ba.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba, babur ɗin Baba ne ya ƙi tashi. Wata takwas ke nan da rasuwarsa, ni nake hawansa zuwa aiki, bai taɓa ba ni kunya ba. Ran Asabar na juya kansa zan sha kwanar gidanmu, sai ya yi tari sau biyu ya mutu. Akwai mai, fitila tana kamawa, hon yana ihu, amma na buga kiki har cinyata ta yi tsami, shiru.

Na tura shi wurin makanikin bakin kasuwa da ake ce wa Nan-Take. Sunan ne kawai. Kwana uku ya yi da shi. Ya sauke tanki, ya warware salatif ɗin wayoyi tun daga wuya har ƙarƙashin sirdi, ya yanka nan ya ɗaura can. Da na kai masa, tashi kaɗai ne ba ya yi. Da na karɓo, har fitilar ta mutu, kuma da an sa fis sai ya ƙone. Biyar muka ƙona ina tsaye. Sai ya goge hannu a wando ya ce wai babur ɗin ya gama zamaninsa.

Ga abin da ya ɗaga min hankali. An yi min canjin wurin aiki, motar kwasar kayanmu za ta zo nan da sati shida. Maigidana ya ce gawar babur ba za ta hau mota ba, in bai tashi ba masu sayen tsohon ƙarfe za a kira. Ba mugunta yake yi ba, motar ƙarama ce. Amma Baffa, shi ne abin da Baba ya bar min da zan iya dafawa. Har yau sirdin yana da lotsawar zamansa.

Na san shekara goma sha biyu ba ku magana da Baba, kuma ba wanda ya taɓa gaya min dalili. Ban zo tone-tone ba. Inna ce ta ce ba a yi mai hannun wayarin kamarka ba. Ka koya min a takarda, ni zan yi da hannuna.

'Yarka,
'Yar Filaya

*

Zuwa ga 'Yar Filaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na ji daɗinta ƙwarai. Gwiwa tana nan tana rigimarta, mun saba. Ki gaida Innarki, ki gaida surukina, ki ce masa na ce ya bar wa babur wuri a motar tun yanzu. Zai tashi. Shekara talatin da huɗu ina wannan sana'a, ban taɓa ganin babur ɗin da ya mutu a kwana ɗaya don tsufa ba. Shi wannan Nan-Take, da ni ne ubangidansa da shara zan sa shi har sai ya koyi tambaya kafin yanka.

Cuta biyu ce da babur ɗinki. Ɗaya ya zo da ita, ɗaya makaniki ya ƙara masa. Da ta biyun za ki fara.

Kar ki sake ƙona fis. Ki nemi kwan sigina guda, ki ɗaura masa guntayen waya biyu, ki maƙala su a gurbin fis ɗin, makulli a kashe. In kwan ya kama da haske sosai, to wutar batir tana zubewa a jikin ƙarfe. Sai ki bi wuraren da ya ɗaɗɗaura, ki riƙa kwance su ɗaya bayan ɗaya. Wanda kika kwance kwan ya mutu, shi ne ɓarawon. Na tabbata yayana ya daɗe da sa wa babur ɗin nan wayoyin kamfani, don haka launi ba zai yi miki ƙarya ba. Ja ita ce wutar batir. Koriya ita ce mai komawa jikin ƙarfe. Waɗannan biyun ba sa gaisawa.

Sai cutar asali. Ki kwance fulogi, ki mayar da shi cikin hularsa, ki jingina gindinsa da jikin inji a inuwa, ki buga kiki. Kar ki riƙe ƙarfen da hannu, in ba ki son ki tuna da ni da zagi. Tartsatsi shuɗi muke nema. In babu, ki ɗaga sirdi, za ki ga ƙaramin baƙin akwati mai wayoyi biyar, shi ke ba fulogi wuta. Ki zare baƙar waya mai ratsin fari. Aikinta ɗaya ne, kashe inji in an murɗa makulli. Ki sake buga kiki. In tartsatsi ya fito, to ita ce ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe, tana kashe babur ɗin ba wanda ya aike ta.

Kin ce kina juya kai ya mutu. Wannan layin kaɗai ya ishe ni. Ki duba wuya, inda wayoyi ke gugar ƙarfe duk lokacin da aka sha kwana. In ba can take ba, ki canza min suna.

Aikin wuni ɗaya ne. Ki rubuto min da labarin ƙararsa.

Baffanki

*

Zuwa ga Baffa,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai dai Inna da ɗan mura, tana samun sauƙi. Na karanta takardarka sau uku, na kuma karanta wa maigidana wurin da ka ce ya bar wuri a mota. Ya ce ya ji, amma ƙarar babur yake jira.

Dabarar kwan nan ta yi. Ina maƙala shi ya kama fes. Tartsatsi kuwa babu ko na rantsuwa, kamar yadda ka ce. Daga nan ne na maƙale.

Baffa, wayoyin nan ba na kamfani ba ne. Guntaye ne aka jojjona. Wadda ta bar batir ja ce, a ƙarƙashin tanki ta koma shuɗiya, ta isa makulli tana rawaya. Koriya uku na samu, ɗaya a ciki da wuta a jikinta, har ta yi min tartsatsi a sifana. Baƙa mai ratsin fari kuwa na neme ta har da tocila da rana tsaka, babu ita. A jikin akwatin nan ja biyu ne, fara ɗaya, ruwan ƙasa biyu. Na kwance ɗaurin Nan-Take guda huɗu, kwan ya mutu, amma yanzu ga bakunan waya takwas suna kallona, ban san wacce ke auren wacce ba. Sai na tsaya kafin in zama Nan-Take ta biyu.

Wani abin mamakin kuma, an ƙuƙƙulle bakin wayoyin kamar igiyar shanya. Nan-Take ya kwance yawancin ƙullin, ya ce ƙazantar aiki ce, sai ya haɗa ja da ja, kore da kore.

Na koma na same shi da maganar. Bai ko ji kunya ba. Cewa ya yi, “Malama, wanda ya haɗa wayoyin nan ko za a yanka shi ba zai raba miki ja da kore ba.” Haushinsa nake ji, amma sai da na yi dariya har da hawaye, don ni ma abin da na gani ke nan. Kai da ka san masu sana'ar nan kaf, wane gwani ne wannan?

To ni dai ga ni durƙushe gaban babur, wayoyi a hannu. Faɗa min, Baffa, wacce ce ja?

'Yar Filaya

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru, ko da yake na san lafiyar ce, don na tsare direba na tambaye shi. Ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata, ka buɗe a gabansa, ka karanta, ka ninke ka sa a aljihu, ka juya ka shige ɗakin inji. Laraba biyu ke nan yana dawowa hannu wofi.

Saura kwana goma sha biyu motar ta zo. Jiya mai sayen tsohon ƙarfe ya leƙo tsakar gida, ya ƙwanƙwasa tankin da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana. Ban san lokacin da na ce ya fita ba. Maigidana ya dai kalle ni.

Raina ya ɓaci, Baffa, gara in faɗa maka. Na zauna na yi ta juya abin, ban ga laifin da na yi ba. Abu ɗaya na hango, wato ka tuna babur ɗin na Baba ne, kuma fushinka da shi bai bi shi kabari ba. In haka ne, da tun farko ka ce ba za ka iya ba, da ban ɗora rai ba. Shi ya tafi. Ni ce a nan, kuma ni ban yi maka komai ba.

In kuma aikin ne ya fi ƙarfinka, wannan ba abin kunya ba ne, ka rubuto layi ɗaya ka ce haka. Amma ni ban yarda ya fi ƙarfinka ba. Mutumin da ya gano wuya daga layi ɗaya ba wayoyi takwas ne za su kore shi ba.

Ba zan taɓa komai ba sai Laraba.

'Yar yayanka

*

'Yar Filaya,

Lafiyata ƙalau, kuma kin yi gaskiya da kika yi fushi. Allah ya ƙara wa Innarki sauƙi. Ki zauna ki karanta wannan, ita ce takarda ta huɗu da na fara, sauran na yaga.

Gwanin da kike tambaya ni ne. Ni na haɗa wayoyin nan, shekarar da aka yaye ki.

Idona ba ya raba ja da kore, tun haihuwa. Duk ɗaya nake ganinsu, kamar ruwan kwata. Launukan da na lissafa miki hadda ce, na san sunansu da aikinsu, ban taɓa ganinsu yadda kuke gani ba. Yaya kaɗai ya sani. Tun muna koyon aiki ya gane, bai gaya wa ko mahaifiyarmu ba. Shi ya ƙirƙiro ƙullin. Duk babur ɗin da ya shigo shago, shi zai fara buɗewa, ya ɗaura wa wayoyi alama kamar yana duba su ne, sannan ya ce, “Ƙanena, zo ka gama.” Ni kuma in na san wacce ce wacce, ba mai kamo ni. Shekara ashirin da biyu muka yi haka, mutane suna yabona yana jin daɗi. Nasa babur ɗin kuwa ni kaɗai na yi wa wayarin da guntayen da ke cikin gwangwani, ban kula da launi ba tunda ba ruwana da shi, na ƙulla abina.

Wata rana ya fita, aka kawo sabon babur na wani mai gaggawa. Girman kai ya hana ni cewa a jira. Na haɗa, na murɗa makulli, hayaƙi ya tashi, wayoyi suka narke har tanki ya fara zafi. Yaya ya dawo ya tarar da shago cike da mutane, mai babur yana zage-zage. Ransa ya ɓaci. Ya ɗauki waya biyu ya ɗaga a gaban kowa ya ce, “Faɗa min, wacce ce ja?” Na tsaya ina kallonsu. Sai wani ya fashe da dariya.

A satin na bar gari. Da zan tafi na ce masa ya cire duk wayar da hannuna ya taɓa a babur ɗinsa kar ta ƙone shi. Ya ce zai cire. Shi ya sa na ce miki na kamfani ne, ban taɓa zaton ya bar su ba.

Sai ga takardarki ta ƙare da tambayarsa, ba ragi ba ƙari. Na ɗauka ya ba ku labari kuna dariya a gida, ke kuma kin zo ki ƙarasa. Sati biyu ina ɗauke da wannan. Da wadda ta biyo bayanta ta zo na gane ba ki san komai ba, tambayar aiki kika yi. Ki yafe min, tsufa ya zo min da saurin zargi.

Yanzu aiki. Ki manta da launi gaba ɗaya. Ƙulli ɗaya, wutar batir. Biyu, mai komawa jikin ƙarfe. Uku, mai kashe inji. Huɗu, mai fitowa daga inji zuwa baƙin akwati. Wadda ba ƙulli ta fitilu ce da hon, su jira. Kowane guntu na ƙulle shi baki biyu, don haka ɗaya za ta auri ɗaya, biyu ta auri biyu.

Kar ki damu da waɗanda ya kwance. Tagulla ce a ciki, in an kwance ƙulli tana barin lanƙwasa. Ki rufe ido, ki ja wayar a hankali tsakanin babban yatsa da manuni, ki ƙirga tudun da kika ji. Da gaske nake, ki rufe idon, in a buɗe yake launi zai ruɗe ki kamar yadda ya ruɗi makanikinku. In kin gama ɗauri ki mayar da kwan gwaji. In bai kama ba, ki sa fis. Sannan ki zare mai ƙulli uku daga akwati ki nemi tartsatsi.

Maganar wuya tana nan, ban janye ba.

Baffanki

*

Baffana,

Gaisuwa da ban haƙuri. Inna ta warke sarai. Ni ce zan ce ka yafe min, na jefa maka magana ban san inda za ta sauka ba. Wallahi Baba bai taɓa faɗa ba. Inna ma da na karanta mata, baki ta riƙe.

Baffa, ya tashi!

Ran Alhamis da safe na shimfiɗa buhu a tsakar gida na rufe ido ina shafa waya. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, “Ke lafiya? Addu'a kike wa babur?” Na ce mata karatu nake. Tudun suna nan yadda ka ce, har wanda ya miƙar da filaya. Nan-Take ya aurar da ja mai ƙulli ɗaya ga ja mai ƙulli biyu, shi ne abin da ke cin fis. Tunda na riga na raba auren, sai na mayar da kowa gidansa. Kwan bai kama ba. Na sa fis, fitila ta dawo.

Na zare mai ƙulli uku, fara ce ashe, na buga kiki. Tartsatsi shuɗi, tas-tas! Na bi ta da yatsa har wuya. A daidai inda take gugar ƙarfe robar ta cinye, tagulla a waje, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ba sai na canza maka suna ba. Na naɗe ta, na saƙa ta cikin guntun tiyo, na kauce da ita daga ƙarfen. Bugu na biyu ya ɗauka. Maigidana ya fito da buta a hannu, ya tsaya, ya ce, “To, sai a sake lissafin motar.” Na zagaya layinmu sau uku, na bi ta gaban shagon Nan-Take na danna hon.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na jinkirta rubutu har yau.

Wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin ƙarfe ba taka ba ce. Sabuwa ce. Bara Baba ya canza ta, kafin ciwo ya kwantar da shi. Ni ya aika na sayo, ya ce lallai koriya, mai kauri. Ina zaune ya yanka ta, ya fere bakin, sai na ga ya tsaya yana ƙulla ta. Na ce, “Baba, ƙullin na mene ne, ba ga launinta ba?” Ya ce, “Ke kina gani. Akwai mai karantawa da hannu.” Na ɗauka zancen tsofaffi ne, ban sake tambaya ba.

Ran Alhamis ina ido rufe yatsana ya hau kanta. Ƙulli biyu a wannan baki, biyu a wancan. Na daɗe zaune a kan buhun nan ina kuka.

Duk sauran wayoyin na rufe su da salatif. Ita kaɗai na bari a buɗe. Motar za ta zo jibi, adireshin sabon gidan yana bayan takardar nan.

'Yarka,
'Yar Filaya

*

'Yar Filaya,

Lafiya lau. Madalla da aikinki, na san zai tashi. Tiyon da kika sa dabara ce mai kyau, ban koya miki ita ba. Ki riƙa duba wurin duk wata uku.

Takardarki tana aljihuna. Ban iya karanta ƙarshenta a gaban direba ba.

Na nemi hutun sati ɗaya, sun ba ni. Zan biyo motar taki ran Laraba ta sama, daga nan in nemi ta garinku. Ki gaya wa Innarki ina tafe, ina da gaisuwar da na daɗe ban kawo ba.

Koriyar nan kar ki naɗe ta. Kar kuma ki nuna min ita in na zo. Ki ɗaga sirdi kawai ki matsa gefe, ni zan nemo ta.

Baffanki